Kifin Betta Mai Zaman Lafiya da Yadda Ake Kiwonsa a Akwatin Gilashi

A fadamun kudancin ƙasar Tailan da Malesiya da arewacin tsibirin Sumatara na ƙasar Indunisiya, akwai wani ɗan ƙaramin kifi wanda tsawonsa bai wuce na ɗan yatsan hannu ba, wato santimita 5 zuwa 6. Mazauninsa gonakin shinkafa ne da kududdufai da lambatu, inda ruwa ba ya gudu, ba shi da zurfi, kuma sau da yawa ruɓaɓɓun ganyaye sun rina shi har ya yi kalar shayi. Masana kimiyyar dabbobi suna kiran wannan kifi Betta imbellis. Wani masani Bajamushe mai suna Werner Ladiges ne ya raɗa masa sunan a shekarar 1975, kuma kalmar imbellis ta harshen Latin ce, ma'anarta wanda ba mayaƙi ba. Daga nan ne masu kiwon kifin ado suka ɗauki laƙabin da suke kiransa da shi, wato betta mai zaman lafiya.

Kafin a fahimci dalilin wannan suna, sai an san ɗan'uwansa da ya fi shi shahara, Betta splendens, kifin faɗa na Siyam. Siyam tsohon sunan ƙasar Tailan ne. Mutanen ƙasar sun daɗe suna kiwon mazan wannan kifi suna haɗa su faɗa, kamar yadda ake haɗa zakaru ko raguna a wasu ƙasashe. Charles Tate Regan na gidan tarihin halittu da ke birnin Landan ne ya ba shi sunan kimiyya a 1910, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2022 ya nuna cewa an fi shekara dubu ana kiwonsa a hannun ɗan'adam. Zaɓen iri na tsawon wannan lokaci ya fitar da kifi mai zafin rai ƙwarai, wanda ba a iya ajiye maza biyu a mazubi ɗaya. Idan aka kwatanta imbellis da wannan, lalle mai sanyin hali ne. Sai dai sunan ya yaudari mutane da dama, domin sanyin halin nasa yana da sharaɗi, kamar yadda za a gani a gaba.

Kamanninsa ba su da wuyar ganewa. Jikin namiji baƙi-baƙi ne ko ƙasa-ƙasa, da sheƙin shuɗi da kore wanda ke canzawa gwargwadon yadda haske ya faɗo masa. Wutsiyarsa zagayayya ce, kuma a bakinta akwai jan zane mai siffar jinjirin wata. A kan murfin kumatunsa akwai layuka biyu masu sheƙin kore ko shuɗi, alhali na splendens na daji ja ne. Tamatar ba ta kai shi launi ba, fikafikanta gajeru ne, kuma idan ta shirya yin ƙwai akan ga cikinta ya cika, wasu layuka masu haske sun fito mata a tsaye.

Kifin da ke shaƙar iska

Yawancin kifaye suna samun iskar oksijin daga ruwa ta hanyar jajayen gaɓoɓin nan masu kama da haƙoran mataji da ke ƙarƙashin murfin kumatunsu. Amma ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas ba ta ɗaukar fiye da miligiram 9 da 'yan kai, idan kuwa zafin ya kai digiri 30 sai adadin ya sauka zuwa wajen miligiram 7.5. Lita ɗaya ta iskar sarari tana ɗauke da kusan ninki talatin na wannan. A fadama mai ɗumi wadda ruwanta ba ya motsi, ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ganyaye suna cinye mafi yawan ɗan abin da ke akwai, har ya zama kifi na yau da kullum ba zai iya rayuwa a ciki ba.

Betta ya kuɓuta daga wannan matsala saboda wata gaɓa da ke cikin kansa, a saman gaɓoɓin numfashin da aka ambata. Ana kiranta labirinti, daga kalmar Girkanci da ke nufin gini mai karkatattun hanyoyi, domin siraran ƙasusuwa ne masu lanƙwasa da naɗewa, lulluɓe da fata mai cike da ƙananan jijiyoyin jini. Kifin yakan taso saman ruwa, ya kurɓi iska, iskar ta shiga wannan ɗaki, oksijin ya ratsa cikin jini. Ɗalibin da ya san tarwaɗa ba zai yi mamaki ba, domin ita ma tana da wata gaɓa mai rassa kamar bishiya a cikin kanta wadda ke yi mata irin wannan aiki, shi ya sa takan daɗe da rai a bokitin mai sayar da kifi bayan karfasa ta mutu. Gaiwa kuwa huhu sosai take da shi. Kowanne daga cikin ukun ya bi tasa hanyar ne ya warware matsala iri ɗaya.

Wannan gaɓa tana da tasiri kai-tsaye a kan yadda za a shirya mazaunin kifin. Dole ne ya sami hanyar kai bakinsa saman ruwa a kowane lokaci, don haka ba a cika akwati maƙil, ana barin tazarar santimita 3 zuwa 5. Ana kuma rufe akwatin da murfi, saboda dalilai biyu. Na farko, kifin gwanin tsalle ne, kuma ɗan ƙaramin rami ya ishe shi ya faɗo ƙasa. Na biyu, murfin yana riƙe iska mai ɗumi da danshi a saman ruwan, wadda ita ce ta dace da labirinti, musamman ga 'ya'yan kifi.

Akwati da abin da ake sa masa

Akan ga ana sayar da betta a cikin kwalba ko kofi, kuma tun da yana shaƙar iska ba ya mutuwa nan take, sai mai saye ya ɗauka wannan ya wadatar. Kuskure ne babba. Ga namiji ɗaya da tamata ɗaya, ana son akwati mai tsawon santimita 45 da faɗin 30 da zurfin 30 ko fiye. Idan aka ninka waɗannan alƙaluma sai a sami santimita murabba'i-uku 40,500, wato lita 40 da rabi. Faɗin akwati ya fi zurfinsa muhimmanci, domin kifin ruwa marar zurfi ne, kuma yankin da namiji ke karewa a saman ruwa yake.

Ana shimfiɗa wankakken yashi mai duhu a ƙasa, a sa 'yan itatuwan da suka jiƙa har suka nutse, a kuma cika akwatin da tsirran ruwa. Masu kiwo sun fi amfani da tsirran yankin kifin na asali irin su Microsorum pteropus da Cryptocoryne, domin ba sa bukatar haske mai ƙarfi. A saman ruwa kuwa kainuwa ta wadatar, tana kuma nan a fadamun Asiya kamar yadda take a kududdufan ƙasar Hausa. Tana rage haske, saiwoyinta suna ba da mafaka, kuma tana zuƙe wani ɓangare na dattin ruwa. Amma wanda ya ɗebo ta daga kududdufi sai ya wanke ta sosai, ya ajiye ta a wani mazubi dabam na tsawon mako biyu, don kada ya shigo da matsattsaku da tsutsotsin mazari. Kuma kada a bar ta ta rufe fuskar ruwa gaba ɗaya.

Akwai wani ganye da masu kiwon betta a Tailan suka daɗe suna amfani da shi, ganyen bishiyar Terminalia catappa. Bishiyar nan ce mai faffaɗan ganye da rassa hawa-hawa kamar laima, wadda ake dasawa a harabar makarantu da ofisoshi a garuruwan Afirka ta Yamma saboda inuwa, ganyenta ya yi ja kafin ya faɗo, yara kuma su fasa 'ya'yanta su ci ƙwallon. Busasshen ganye ɗaya ko biyu a cikin lita 40 yana sakin sinadarin tanin, ruwan ya yi kalar shayi, ya ɗan ƙara tsami. Ganyen da ya faɗo da kansa ya bushe ake ɗauka, daga wurin da ba a fesa maganin ƙwari ba.

Game da matacin ruwa, ƙaramin matacin soso wanda famfon iska ke tafiyar da shi ya fi dacewa. Mataci mai ƙarfi yana sa ruwa gudu, kifin ya gaji da iyo, sheƙarsa kuma ta watse.

Ruwa da ma'aikatan da ido ba ya gani

Mafi yawan kifayen da ke mutuwa a hannun sabon mai kiwo suna mutuwa ne a cikin makonnin farko, kuma ruwan yakan kasance garau lokacin da abin ya faru. Dalilin shi ne sinadarin amoniya. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa kullum, ragowar abinci da kashi su ma suna ruɓewa su ƙara ta. A fadama yawan ruwa da tsirrai suna shanye ta, amma a akwati taruwa take yi, ga shi kuwa guba ce mai ƙona gaɓoɓin numfashi. Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a jikin soson mataci da yashi da ganyaye. Rukuni na farko, wanda ya haɗa da bakteriya irin su Nitrosomonas, yana mayar da amoniya ta zama naitirayit. Ita ma guba ce, domin tana shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Rukuni na biyu yana mayar da naitirayit ta zama naitiret, wadda cutarwarta kaɗan ce idan ba ta yi yawa ba. An daɗe ana koyar da cewa Nitrobacter ce ke yin wannan aiki na biyu, amma binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa a akwatunan kifi na ruwan daɗi Nitrospira ce ta fi yawa.

Waɗannan ƙwayoyi suna hayayyafa a hankali. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata, kuma a wannan lokaci bai kamata a sa kifi ba. Ana zuba ruwa, a dasa tsirrai, a kunna mataci, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan yana ruɓewa domin ƙwayoyin su sami abin ci. Idan akwai wani mai tsohon akwati mai lafiya, matse sosonsa a cikin sabon yana rage kwanakin jira. Da kayan gwajin ruwa ake tabbatar da cewa an kai gaci: amoniya da naitirayit su nuna sifiri, naitiret ta fara bayyana.

A nan malamin kemistiri yana da misali mai kyau na daidaiton sinadarai. Amoniya a cikin ruwa kashi biyu ce, NH3 mai guba sosai, da NH4+ wadda cutarwarta ba ta kai ba. Ma'aunin tsami, wato pH, shi ne ke raba musu kaso. A zafin digiri 25 da pH 7, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke cikin siffa mai guba. A pH 8 kason ya haura kashi 5 cikin ɗari, wato kusan ninki goma. Ke nan adadin datti ɗaya zai iya zama da sauƙi a wani akwati, ya yi kisa a wani. Betta imbellis ya fi son ruwa mai ɗan tsami, tsakanin pH 5.5 da 7, marar yawan gishirin ƙasa, ko da yake wanda aka haifa a akwati yakan jure abin da ya ɗan wuce haka.

Naitiret kuwa sai an fitar da ita da hannu. Kowane mako ana zuƙe kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu na ruwan, a zuba sabo mai zafi daidai da na ciki. Ba a kwashe ruwan duka, ba a wanke akwati da sabulu ko omo, soso kuma a cikin ruwan da aka zuƙe ake matse shi. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin mai kashe bakteriya da kifi tare. Idan aka bar shi a buɗaɗɗen bokiti na kwana biyu kulorin yakan fita, amma inda ake amfani da kuloramin ajiyewa ba ta isa ba, sai an sa maganin da aka yi domin hakan. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu wurare yana da gishirin ƙasa da yawa, a irin wannan hali ana gauraya shi da ruwan sama mai tsabta, banda ruwan farko da ya wanke rufin kwano.

Zafi, sanyi da ɗaukewar wuta

Kifin ƙasa mai zafi ne, yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. Wanda ke kiwonsa a Kano ko Damagaram ko Jos zai gamu da abin da kifin bai sani ba a ƙasarsa, wato hunturu, lokacin da sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi sai ya daina cin abinci, ya kwanta a ƙasa, garkuwar jikinsa ta yi rauni, cututtuka irin su farin ɗigo, wanda ƙwayar Ichthyophthirius ke haddasawa, su sami ƙofa. Ƙaramar hita mai kashe kanta da kanta tana magance wannan. Inda ba ta samu ba, sai a ajiye akwatin a ɗakin ciki, a lulluɓe shi da bargo da dare. A watannin Maris da Afrilu matsalar juyawa take yi, sai a nisanta akwatin daga taga da hasken rana. A duk halin biyu babban akwati ya fi ƙarami, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sakinsa.

Idan wutar lantarki ta ɗauke, kifin ba zai shaƙe ba, albarkacin labirinti. Ƙwayoyin da ke cikin soso ne ke shiga haɗari idan abin ya daɗe, domin su ma oksijin suke bukata. Saboda haka a irin waɗannan kwanaki ana rage abinci, a ƙara yawan canjin ruwa.

Abincinsa a daji ƙananan ƙwari ne da tsutsotsinsu, bakinsa ma sama yake kallo domin ɗaukar abin da ya faɗo a kan ruwa. Tsutsar sauro tana cikin abin da ya fi so, ana iya tace ta daga ruwan da ya kwanta, amma babu hikima a ajiye ruwa musamman don sauro ya hayayyafa. Yana karɓar busasshen abincin kifi mai yawan furotin idan ya saba. Burodi da tuwo da gari ba abincinsa ba ne, ruwa kawai suke ɓatawa. Abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a yini, ya isa.

Iyakar zaman lafiyar

Namijin imbellis yana da yankin da yake karewa kamar sauran danginsa. Idan ya haɗu da wani namiji sai ya buɗe murfin kumatunsa, ya baza fikafikai, launinsa ya yi duhu, su jera gefe da gefe suna kaɗa wa juna ruwa da wutsiya. Bambancinsa da kifin faɗa shi ne yawanci a nan abin ke tsayawa: wanda ya ga an fi shi sai ya dusashe launi ya bar wurin. Amma sai da wurin gudu. A ƙaramin akwati marar tsirrai, wanda aka rinjaya ba shi da inda za shi, mai nasara kuma yana ganinsa kullum, sai kora ta koma cizo. A kudancin Tailan ma ana haɗa wannan kifi faɗa, wanda ya nuna cewa sunansa na Latin bai cire masa halin danginsa ba. Ga mai farawa, namiji ɗaya da tamata ɗaya ko biyu ya fi aminci. Maza biyu suna bukatar akwatin da ya fi na sama girma nesa ba kusa ba, cike da tsirrai da itatuwa ta yadda ɗaya ba zai hango ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan ba. Idan ana son haɗa shi da wasu kifaye, sai ƙanana masu natsuwa na yankinsa, irin su Trigonostigma da Boraras, banda masu cizon wutsiya da masu rige-rigen abinci.

Lokacin haihuwa ne zafin ransa ya fi fitowa. Namiji yakan kurɓi iska ya fitar da kumfa lulluɓe da yauƙin bakinsa, ya tara su a ƙarƙashin ganye har su zama sheƙa. Tamata ta zo ƙarƙashinta, ya naɗe jikinsa a nata, ta saki ƙwai ya barbare su, sa'an nan ya tsince su da baki ya jera a cikin kumfar. Daga nan renon nasa ne shi kaɗai, kuma yakan kori uwar, don haka gara a cire ta idan babu isasshiyar mafaka. Ƙwai suna ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, 'ya'yan su rataye a sheƙa na kwana uku ko huɗu, duk wanda ya faɗo uban ya mayar da shi. Da sun fara iyo aikinsa ya ƙare. Labirintinsu ba ya kammala girma sai bayan wasu makonni, shi ya sa murfin akwati ke da muhimmanci a wannan mataki. Jinsin Betta ya ƙunshi nau'i fiye da saba'in, kuma da yawa daga cikinsu ba sa yin sheƙa, a baki namiji ke riƙe ƙwai, kamar yadda ake gani a wasu nau'o'in karfasa inda uwa ce ke riƙewa.

Akwai wani nauyi da ke kan mai kiwo game da iri. Imbellis da splendens da mahachaiensis, wanda aka bayyana a 2012, dangi ne na kusa har suna iya barbarar juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Binciken 2022 da aka ambata ya gano gadon imbellis a jikin kifin faɗa na kiwo. Wasu kifayen da ake sayarwa da sunan imbellis gauraye ne, kuma sukan fi na asali faɗa. Wanda ya sami na asali ya guji haɗa shi da wani nau'i. Har ila yau, kifin akwati ba a sakinsa a kogi ko kududdufi, domin yana iya kai cuta ga kifayen wurin.

Makarantar da ke da irin wannan akwati tana iya gwada halin kifin ba tare da an cutar da shi ba. Ana jingina ɗan madubi a jikin gilashi na minti biyu kawai, ɗalibai su ƙirga sau nawa namijin ya buɗe murfin kumatunsa, wasu kuma su ƙirga sau nawa ya taso shaƙar iska, a kwatanta da adadin da aka ƙirga kafin a sa madubin. Za a tarar tasowar tasa ta ƙaru, domin nuna ƙarfi aiki ne mai cin oksijin, kuma buɗe kumatu yana hana ruwa ratsa gaɓoɓin numfashi yadda ya kamata. Da minti biyu sun cika sai a ɗauke madubin, kada a maimaita gwajin sai washegari.